Zuwa Ƙofar Mata Ba Wuya, Ku Tambaye Ni Dawowa

Ku matso kusa, masu ja. Na san ku ko ban kira suna ba. Akwai mai shayin Kabo, wanda ke rantsuwa cewa babu mai cikakken hankalin da zai bar garinmu Masanawa ranar Lahadi a motar haya, ya je filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya kalli Kano Pillars, ya kuma dawo ya kwana a gidansa a wannan daren. Akwai na gidan kallo a Gwarzo, mai rigar Arsenal da wanki ya cinye wa lamba, wanda ya haddace albashin kowane ɗan wasan Ingila amma ƙafarsa ba ta taɓa taka filin jiharsa ba. Sai ɗan birni, sarkin taƙama, wanda a wajensa duniya ta ƙare a Janguza, duk abin da ke bayan nan jeji ne da kuka. Ku ukun nan ba ku taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba sai wannan: wai tafiyar ba ta yiwuwa, in ma ta yiwu, wai asara ce.

To ana zuwa, ana kuma dawowa. Sai dai ba zan yi muku daɗin baki ba. Mutumin Masanawa wasa biyu yake biya wa kuɗi a rana ɗaya. Na farko shi ne wanda kowa ke gani a fili. Na biyu yana farawa ne daga lokacin da alƙali ya hura tashi, kuma shi babu alƙali, babu hutun rabin lokaci.

Bari mu bi ta daki-daki, tunda mai shayi bai tashi ba.

Yawancin wasannin gasar Firimiya ta Najeriya ƙarfe 4 na yamma ake take su. Ɗan Fagge sai ya yi la'asar ya ɗaura agogo ya taka da ƙafa. Mu kuwa da hantsi ake fita, kuma ba nisa ne ya jawo ba. Daga Gwarzo zuwa Kano kimanin kilomita 70 ne, daga ɓangaren Kabo ma bai kai haka ba. Abin da ke cin lokaci shi ne lodi. Motar haya ba ta san ƙarfe nawa ba, kujera ta sani. Ɗan acaɓa zai fito da kai daga gari ya ajiye ka a bakin titi, ka tarar da wata Golf a tsaye da mutum huɗu a ciki, ɗan kamasho yana dukan rufinta yana cewa, "Kano, Kano, saura mutum ɗaya! Alhaji shigo mu tafi." Ba ka taɓa zuwa Makka ba, amma ka ji daɗin Alhajin, ka shiga. Kana zama sai mutum biyu daga cikin waɗanda ka tarar su buɗe ƙofa su fice, ɗaya ya koma kan bencinsa, ɗaya ya ɗauki rakensa. Ashe 'yan cika ido ne. Yanzu saura mutum uku, kuma ka riga ka biya.

Shi ya sa wanda ya san hanya ba ya shiga motar da ke tsaye da injin a kashe. Tsayawa yake a bakin titi ya jira waɗanda suka taso daga Malumfashi ko Dayi, suka sauke wani a Gwarzo, suna neman cike gurbi. Irin wannan direban sauri yake, ba ya son dogon ciniki, kuma ba zai tsaya jiran kowa ba. Wannan sirri ne da na ba ku kyauta, ku da ba ku taɓa saya mini ko kofin shayi ba.

Zaman cikin motar kuwa kun san shi, don ko ba ku zuwa ƙwallo kuna zuwa biki. Gaba biyu, baya huɗu, but a buɗe an ɗaure shi da igiyar roba saboda buhun masara da akuyar wani. An jera ku kamar goro a huhu. Wanda rabonsa ya faɗa kusa da giya shi ne abin tausayi: duk lokacin da direba zai sa lamba sai ya ce, "Malam, ɗan ɗaga ƙafa," har a isa Rimin Gado ya koyi ɗagawa ba a ce masa ba. A wannan matsin ne za ka gane abokan tafiyarka. Wani saurayi a baya zai leƙo ya ce, "Yaya, kai ma fili za ka?" Ka ce eh. Shi ke nan, kun zama 'yan gida ɗaya, ku karɓi lambar juna. Ku riƙe wannan, zai yi amfani da daddare. Wani dattijo kuma da ke kan hanyar dubiya asibiti zai girgiza kai ya ce, "Yanzu ɗannan duk wannan wahalar don ka ga ƙarti na bin fata?" Ka ce, "Baba, a yi mana addu'a mu ci." Ya ce Allah ya shirye ku. Kafin a kai Janguza shi ne zai tambaye ka ko har yanzu Rabi'u Ali yana bugawa.

Titin kansa na gwamnatin tarayya ne, Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi, kuma tun 2021 aka amince da kwangilar mayar da shi tagwaye. Inda aiki ya kai direba kan saki mota har ka fara salati, inda bai kai ba ka yi salatin saboda wani dalilin daban. Daga Rimin Gado sai Janguza da barikinta, sai sabuwar jami'ar Bayero, sai Rijiyar Zaki. Nan motar ƙauye take sauke nauyinta, nan kuma mulkin ɗan sahu yake farawa.

Ɗan birni, kai da kake dariya, bari in tuna maka cewa ba tun fil'azal kake hawa Adaidaita Sahu ba. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka kawo ta, kuma domin mata aka kawo ta, don a raba su da hawa bayan ɗan acaɓa. Ku maza a lokacin kallon raini kuke yi mata. Sai a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni. Dare ɗaya duk masu girman kan nan suka koma cikin keken mata suna cewa a matsa musu. Mu a Masanawa acaɓarmu na nan, ba wanda ya taɓa ta. Saboda haka mutuminmu da zai je ƙwallo yana hawa abin hawa iri uku a tafiya ɗaya, babur da mota da mai ƙafa uku, ya maimaita su a juye da daddare. Kai da ka hau ɗaya tak, wa ya fi wani sanin gari?

Daga Rijiyar Zaki kada ka tsaya neman wanda zai kai ka bakin fili kai tsaye, sai dai in shata za ka ɗauka, kuma in kana da kuɗin shata me ya haɗa ka da kujerar giya? Ka hau zuwa Kabuga, ko ka saurari mai kiran Kwari ko Bata. Daga Kabuga hanya biyu ce. Akwai ta cikin gari: Tal'udu, Mandawari, ka wuce gidan Sarki, ka gangara ta asibitin Murtala, ka fita ta Ƙofar Mata. Akwai ta bayan ganuwa: tsohuwar jami'a, Gadon Ƙaya, Ƙofar Na'isa, Ɗan Agundi, Ƙofar Nasarawa, sannan ka karyo. Ta cikin gari ta fi kusa a ido, amma ɗaurin aure ɗaya a Mandawari ya isa ya sa ka ji ƙwallon farko a rediyon ɗan sahu. Ta waje ta fi tsawo, ta fi sakin jiki, sai dai in aikin gada ya tare ta. Ni ta waje nake bi in lokaci ya ƙure, ta ciki in ina da sarari, don ina son ganin gari. Kuma ka bar wa ɗan sahu zaɓi in ya nace, shi ya kwana a kan titin, ya san inda 'yan KAROTA suka tsaya da inda aka toshe tun safe.

Akwai wani ɗan tarihi da ya shafe mu kai tsaye, wanda na san mai rigar Arsenal bai sani ba, don ba a Landan aka yi shi ba. A ƙarshen Nuwamban 2022 gwamnatin Ganduje ta fito da manyan motocin Kanawa, ta kuma sanar da hana 'yan sahu bin wasu tituna biyu. Ɗaya daga cikinsu namu ne, daga Tal'udu zuwa hanyar Gwarzo. Safiya ɗaya jama'a suka cika bakin titi, bas ba ta ishe su ba, ɗan sahu kuma an kore shi. Dokar ba ta yi kwana biyu ba aka janye ta. Na kawo wannan ne don ku san cewa ko hukuma ta gwada taɓa wannan hanyar ta ga ba a wasa da ita.

Yanzu ga ka a Ƙofar Mata. Karofin rini na nan gefe, filin Idi na nan, Kantin Kwari na can gaba kaɗan yana tafasa. Masu gyaɗa, masu rake, masu ruwan leda, masu ganga, yara da tutar kore da rawaya. Ka sayi tikitinka da kanka a inda ake sayarwa, ka bar mai raɗa maka a kunne cewa yana da hanya. Ka raba kuɗinka biyu tun kafin ka shiga layi, na komawa gida ya shiga aljihun ciki, ka manta da shi. Wanda ya ci kuɗin motarsa a tsire lokacin hutun rabin lokaci, shi ne wanda mai shayin Kabo yake ba da labarinsa har yau, yana cewa kun gani, ba a dawowa.

Mai rigar Arsenal, na ji ka. Kana cewa duk wannan don me, ƙwallon gida ƙwallo ce? Zauna in gaya maka inda ka ƙi zuwa. A wannan filin aka buga wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, aka buga na cin kofin Afirka a 2000 lokacin da Najeriya da Gana suka karɓi baƙi tare, aka dawo da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya a 2009. Pillars ɗin da kake rainawa, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin Firimiya a 2008, ta kuma jera uku a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Daga 2003 har zuwa 2015 babu baƙon da ya zo Kano ya ci ta a gasar lig, sai da Nasarawa United ta karya abin. Shekara goma sha biyu ke nan. Ka lissafa mini shekarun da ƙungiyarka ta yi tana neman kofin Ingila tun bayan 2004, sannan mu yi maganar wa ya kamata ya raina wani. Ahmed Musa da ka yi wa ihu a gidan kallo ranar da ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya sake zura wa Iceland biyu a 2018, a wannan ciyawar ya yi suna, nan kuma ya dawo a 2024 tare da Shehu Abdullahi. Kai ka gan shi a gilashi, janareta na tari. Mu mun gan shi yana goge gumi, har muna jin abin da yake faɗa wa mai tsaron baya. Gani ya kori ji.

Ba na cewa kullum daɗi ake sha. Ƙungiyar ta faɗa ƙaramar gasa a 2022, ta dawo a 2023, kuma akwai ranakun da za ka fito kana tambayar kanka abin da ya raba ka da gonarka. Amma wannan tsakaninmu ne, mu masu gida. Ba ruwan ɗan haya.

To, ga wasa na biyu.

Daga minti na 80 mutumin Masanawa ba ya kallon ƙwallo da ido biyu. Ɗaya na fili, ɗaya na kan rana. Wasan da aka fara ƙarfe 4 yana tashi dab da 6, magariba na ƙofa, mutum dubbai za su fito ta 'yan ƙofofi a lokaci guda, kowa yana neman abin hawa a titin da dama can a cike yake. In wasan tsakiyar mako ne, ranar Laraba, sai ku yi karo da 'yan Kwari suna rufe shaguna, da 'yan dako, da masu kura, da duk wanda ya wuni a kasuwa yana son gida. Nan ne shawara take rabuwa biyu, kuma na ga abokai sun ɓata a kanta. Wasu na cewa a fita saura minti biyar a riga jama'a. Wasu na cewa haramun ne ka baro Masanawa tun hantsi sannan ka ji ƙwallon nasara daga bayan katanga. Duk wanda ya taɓa jin wannan ihun yana tsakiyar titi, ƙafa ɗaya a cikin Adaidaita, ya san ciwon da babu maganinsa a asibitin Murtala. Ni ina ɓangaren masu zama har a hura. Abin da nake yi shi ne in sauko kusa da ƙofa tun da sauran lokaci, in ƙarasa kallon a tsaye. Sai dai in an ga alamar rigima, an fara jifa ko an fara zagin alƙali da sunan mahaifiyarsa, to nan babu jarumta. Ka fice, gidanku da nisa.

Da ka fito kada ka tsaya a bakin ƙofa kana ɗaga hannu. Ɗan sahun da ya yi maka fara'a da rana yanzu ya zama mai sarauta. Ka ce Kabuga, ya kalle ka sama da ƙasa ya ce, "Shata ne, Yallaɓai." Da rana kai Alhaji ne, da yamma ka zama Yallaɓai, kuma kowanne da farashinsa. Ka taka da ƙafa, ka yi nisa da taron, ko ta wajen Ƙofar Nasarawa ko ka shiga gari ta asibiti, can za ka samu wanda bai san an yi wasa ba. Waya ta zauna a aljihu. Na san hannunka na ƙaiƙayi ka kira mai rigar Arsenal ka gaya masa an ci, amma magariba a cikin turmutsutsu ba lokacin fito da waya ba ne a Kano, kowa ya san wannan. Yanzu ne saurayin nan na cikin Golf zai yi rana. Ku haɗu ku uku ko huɗu 'yan hanya ɗaya, ku ɗauki shatar ku raba, ta zama kusan kuɗin kujera. Ɗan birni yana da gida kusa, mu muna da juna.

Sallar magariba fa? Kawu, na san kai wannan kake jira in yi tuntuɓe a kai. A tasha ake yin ta, bayan ka kama kujera ka ajiye hularka a kai, ka gaya wa direba, shi ma sallar zai yi. Wanda ya tsaya a hanya ya yi ta cikin natsuwa Allah ya karɓa, amma ya sani motar da ya tarar ba ita ce ta farko ba.

Domin a Rijiyar Zaki bayan magariba lissafi yana juyewa. Da safe motoci ke neman mutane. Da daddare mutane ke neman mota. Direban da ke zaune a Gwarzo yana son komawa gida, wannan shi ne naka, zai ɗauke ka a kuɗin da aka saba ko da ɗan ƙari. Wanda ke zaune a Kano kuwa zai ce maka, "Ɗan'uwa, in na kai ku wa zan ɗauko? Haka zan dawo ba kowa." Gaskiyarsa ce, kuma kai za ka biya kuɗin gaskiyar. Ana yin isha'i motoci na raguwa, kuɗi na hawa, masu jira na ƙara zama 'yan'uwan juna. A nan za ka ji sharhin wasa da ya fi na rediyo: wanda ya ce koci ne bai iya canji ba, wanda ya ce an sayi alƙali, wanda bai ma shiga filin ba amma ya fi kowa bayani. Ka tuna kuma tun Yulin 2022 aka kafa dokar hana 'yan sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, saboda haka in an sa wasa da daddare a ƙarƙashin fitila, kada ka yi wa kanka ƙarya. Ka nemi ɗan'uwa a Kabuga ko Ɗorayi tun da rana, ka ce masa ya ajiye maka tabarma. A nan kaɗai na ba mai shayin Kabo gaskiya, kuma rabin gaskiya ce.

Saura gaɓa ta ƙarshe, wadda ta fi kowacce gajarta ta kuma fi kowacce kayar da mutane: daga bakin titi zuwa cikin gari. Motar ta sauke ka, ta ja, fitilarta ta ɓace, 'yan acaɓar da suka yi maka rubdugu da safe duk sun tafi cin tuwo. In damina ce ga laka, in hunturu ne ga sanyin da ke shiga ƙashi. Mai dabara tun safe ya karɓi lambar ɗan acaɓar da ya fito da shi, yana wuce Rimin Gado ya kira shi: "Ƙanina, ga mu nan tafe, ka fito." Zai ce sai an ƙara masa na dare. Ka ƙara. Zai tambaye ka nawa da nawa aka tashi tun kafin ka hau, kuma in an ci, wani lokacin ya manta da ƙarin.

Yanzu bari in taɓo hujjarku mai ƙarfi, don kada ku ce na gudu. Kuɗi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya har ta taɓa 1,000. Kowace gaɓa ta tafiyar nan ta ji a jikinta. A yau abin da mutumin Kabo zai kashe a hanya ya ninka kuɗin tikitin shiga fili, ba sau ɗaya ba. Wannan gaskiya ce, kuma ta rage mu. Waɗanda a da ba sa fashin wasan gida yanzu zaɓe suke yi, sai Enyimba ta zo, ko Rangers, ko maƙwabta Katsina United. Amma ku da kuke mana lissafi, ku kawo naku littafin mu duba: kuɗin gidan kallo Asabar da Lahadi da daren Talata, kuɗin data na musu a Facebook, shayi da Indomie na huce haushi duk ranar da aka lallasa ku. Ku tara na wata guda ku gani ko bai kai ku Ƙofar Mata ya dawo da ku ba, har da tsarabar gurasa.

Ɗan birni kuma, kafin ka ce wahalar hanya ta 'yan ƙauye ce, tuna da 2020, lokacin da aka mayar da filin wurin killace masu korona, Pillars ta koma buga wasannin gida a filin Ahmadu Bello na Kaduna. Zazzagawa suka samu abin faɗa, wai masu gida sun zama 'yan haya a ƙasarsu, kuma da yake bayinmu ne muka ƙyale su. A 2022 rigimar wasan Katsina United ta sa aka tura ƙungiyar Abuja. A Oktoban 2025 bayan hargitsin wasan Shooting Stars aka sake kora ta zuwa Katsina. Duk lokacin da wani ɗan gari mai zafin kai ya tsallaka fili ya bi alƙali da gudu, washegari sai ga 'yan birni a tasha suna tambayar yadda ake lodi, suna rigima a kan kujerar gaba. Mu da muka saba sai mu bi ta Dayi abinmu. Wanda ya yi jifan da ƙafa ya zo filin, shi ya sa bai san darajar wasan gida ba. Da ya taɓa zama kusa da giya tun daga Gwarzo, da ya riƙe dutsensa.

Wani cikinku, mai ɗan karatu, zai ce a ƙasashen da aka ci gaba ba haka ake yi ba. Na sani, Malam. Filin Wembley na Landan yana cin mutum 90,000, tashoshin jirgin ƙasa uku ne ke kewaye da shi, kuma hukumar filin da kanta take roƙon mutane su bar motocinsu a gida. A gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022, duk mai katin Hayya kyauta yake hawa jirgin ƙasan Doha da bas har filin Lusail. Mu ma an yi mana albishir da jirgin cikin gari tun 2016, aka sa hannu da kamfanin Sin, aka ɗauki hoto. Ina jiran ranar da zan hau shi daga Janguza. Amma ni buƙatata ba ta kai jirgi ba. Filin na gwamnatin jiha ne, ƙungiyar ta gwamnatin jiha ce, jadawalin wasanni kuma ana fitar da shi tun farkon kaka, ba saukar ruwan sama ba ne da za a ce ya zo ba shiri. Me zai hana ranar wasa a jera manyan bas a gefen fili tun ƙarfe 5 da rabi, kowacce da allonta: Rijiyar Zaki, Ƙofar Ruwa, Unguwa Uku, Na'ibawa, 'Yankaba? Kuɗi ɗaya sananne, a cika a tashi. 'Yan yuniyon na tasha su ma su san cewa yau akwai wasa, su tsayar da motoci biyu ko uku na hanyar Gwarzo har bayan isha'i. Ba kyauta muke nema ba, mun saba biya. Taron bakin ƙofa zai watse da wuri, ɓarayin waya su rasa duhun da suke so, kujerun da ke zama babu kowa a wasannin da ba na manya ba su samu masu zama. Yanzu ma da Barau FC, ƙungiyar Sanata Barau Jibrin ɗan Kabo, ta hau Firimiya a 2025 tana karɓar baƙi a wannan filin, mutanen yankinmu sun ƙara samun dalilin bin hanyar. Mai ƙungiya ya fi kowa sanin nisan Kabo da Ƙofar Mata, ko da yake ina zaton ya jima bai zauna kusa da giya ba.

Abin da ya fi ba ni dariya da ku, masu ja, shi ne daren Asabar. Duk wanda ya wuni yana cewa tafiyar hauka ce, da ya ji gobe za ni, sai ga shi a ƙofar gida bayan isha'i yana sallama a hankali. Mai shayi yana son a duba masa farashin madara a Singa. Kawu yana son a karɓo masa magani a Sabon Gari. Uwargida da ta ce ƙwallo aikin marasa aikin yi ne ta miƙo ƙyallen atamfa, wai tunda filin kusa da Kwari yake, a samo mata irinta turmi ɗaya, in babu a kira ta ta zaɓi wata. Mai rigar Arsenal shi ma ya raɓo, murya ƙasa-ƙasa, wai in na ga rigar Pillars mai sauƙi in ɗauko, ba shi zai sa ba, ƙaninsa ne yake so. Ƙanin nasa kuwa da shi da shi girmansu ɗaya.

Zan karɓo muku, ba komai. Amma daga wannan makon duk mai saƙo ya haɗo da kuɗin ɗan sahu, zuwa da dawowa, kuma turmin atamfa kujera guda ake biya masa a motar dare.